Yayana ya kwantar da Baba har ƙafafunsa suka mutu, yau shi ne a kwance

Assalamu alaikum admin da dukkan 'yan gurup, ina fatan kuna lafiya. Admin don Allah ka saka mini wannan ba tare da sunana ba, domin akwai danginmu a nan ciki. 'Yan'uwa don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, saboda abin da ke raina ba mai kyau ba ne, kuma ba zan ɓoye muku shi ba.

Ni matar aure ce, ina zaune a Yamai, unguwar Dar es Salam, layi biyu tsakanin gidana da gidan da aka haife ni. Mahaifinmu tela ne, tun yana saurayi ya baro garinsu ya zo Yamai da keken ɗinkinsa irin na ƙafa, da shi ya ciyar da mu ya sa mu lekol, wato makarantar boko. Mahaifiyarmu ta rasu da daɗewa, don haka ni da nake kusa ni ce mai kula da shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake ce mini. Babban yayanmu kuma ɗan kasuwa ne, Allah ya buɗa masa, ya gina gidan etaj, wato bene, a Bobiyel. Shi ne ɗan fari, Baba ko sunansa ba ya faɗa, sai dai ya ce Alhaji, kuma ban taɓa ganin ya yi musu da shi ba ko a kan ƙaramin abu.

Ciwon Baba a ƙafa ya fara nuna kansa. Yana cikin taka keke sai ya tsaya yana matsa cinyarsa, ya ce ta yi masa nauyi kamar an ɗaura mata dutse, tana kuma yi masa zafi daga ciki. Muka ɗauka tsufa ne. Daga baya ƙafafun suka kumbura, in ya kwanta numfashi ya gagara sai an tara masa matashin kai, zuwa masallacin layinmu ma sai ya tsaya ya dafa bango. Na kai shi wata kilinik, aka yi masa eko, wato hoton zuciya, likita ya ce zuciyarsa ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata. Aka kwantar da shi, aka ba shi magunguna har da wanda ke sa yawan fitsari don ruwan jikin ya fita. Alhamdulillahi kumburin ya saɓe, numfashi ya daidaita, muka koma gida.

Sai dai gajiyar ba ta tafi ba. Da muka koma kontrol likita ya duba ya ce ruwa ya fita, zuciyar ma ba ta ƙara lalacewa ba, amma Baba daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ya zauna yana haki. Na ce likita to mene ne wannan, tunda kun ce zuciyar ta tsaya wuri ɗaya? Ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa. Ya ce wannan ciwo ba a zuciya kaɗai yake tsayawa ba, tsokar jiki ma tana canzawa, musamman ta cinya da ta sha-raɓa. A cikin tsoka akwai wasu ƙananan abubuwa kamar murhu, su ke ƙona abinci da iskar da jini ke kawowa su ba mutum ƙarfi. Mai wannan ciwo murhunan nasa raguwa suke yi, sai tsokar ta riƙa ƙarewa da wuri, wani tsami ya taru a cikinta, shi ne zafin da yake ji, ita kuma tsokar da ta wahala sai ta sa numfashi ya yi ta sauri. Ya ce babban abin tsoro shi ne mutum ya ce tunda ina gajiya bari in kwanta, domin kwanciyar ce ke ƙara cinye tsokar, gobe ya fi yau gajiya, jibi ya kasa tashi gaba ɗaya. Ya ce tunda jikin ya lafa, a riƙa tafiya da shi a hankali kullum, ana ƙarawa kaɗan kaɗan, in ya ji jiri ko ciwon ƙirji a tsaya a kira shi.

Na faɗa wa Yaya wannan magana a waya, ya ce to, yana hanya, sai ya dawo. Ni kuwa na ɗauki abin da gaske. Kullum da safe kafin rana ta yi zafi sai in zo in riƙe hannun Baba mu fita. Farko iyakarmu butik, wato kantin da ke bakin layi, mai butik ya ajiye masa benci don ya huta. Sannu a hankali muka wuce butik, muka kai masallaci, wata rana sai ga mu a bakin gudro, titin kwalta, yana kallon motoci yana dariya. Wallahi 'yan'uwa na ga canji da idona. Ya koma sallah a cikin jam'i, ya koma cin abinci, har ya sa aka share masa keken ɗinkinsa ya riƙa zama yana taka shi kaɗan kaɗan. Sallar layya ta shekarar shi ya ɗinka wa 'ya'yana kaya da ƙafarsa. Ɗinkin bai yi kyau kamar da ba, wuyan rigar ƙaramin ma ya karkace, amma ranar da ya gama sai da ya kira maƙwabta su gani.

Sai ranar da abin ya faru. Lokacin zafi ne, Baba ya ɗauki azumin nafila bai faɗa mini ba, kuma ya sha maganin fitsarin nan da sahur. Muna dawowa daga tafiya, daidai gaban wata fada inda samarin layi ke shan shayi, sai jiri ya ɗebe shi, hannunsa ya suɓuce daga nawa, ya faɗi ya fasa goshi. Aka taimaka mini muka sa shi a taksi zuwa kilinik. Likita ya ɗinke wurin, ya ce ruwan jikinsa ne ya yi ƙasa saboda azumi da magani, zuciyar tana nan yadda take, in ya warke a ci gaba da tafiyar amma a kiyaye azumi. Yaya bai ji wannan bayani ba domin bai tsaya ya ji ba. Yana shigowa ya ga jini a rigar Baba, bai tambayi kowa komai ba, ya ɗauke ni da mari a gaban ma'aikata da marasa lafiya da mijina da ke tsaye. Ya ce ina jan tsoho mai ciwon zuciya a titi kamar akuya, in na gaji da jinyarsa ne in faɗa, ba sai na kashe shi ba. Da likita ya fito zai yi masa magana sai ya ce shi ba ya buƙatar karatu, uban nasa ne, ya san abin da ya dace da shi.

Daga kilinik gidansa na Bobiyel ya wuce da Baba. Ya sa shi a ɗaki a sama, da kilim mai sanyaya ɗaki da talabijin da katifa mai kyau, ya sa 'yar aiki tana kai masa abinci har kan gado, ya ce ko buta kada a bar shi ya ɗauka. Duk wanda ya zo dubiya sai ya yi ta sa wa Yaya albarka, ana cewa ga ɗa na gari. Keken ɗinkin kuma ya sa aka ɗauke daga gidanmu ya ba wani, wai don kada Baba ya sake tunanin wahalar da kansa. Kunyar ɗan fari ta hana Baba musawa. Randebu na likita, wato ranar komawa a duba shi, ma aka daina kai shi, sai dai a aika a sayo magani a farmasi da tsohuwar ordonansi, takardar maganin da likita ya rubuta, wai hawa da saukar bene zai wahalar da shi.

Ni an yarda in zo gaisuwa, amma ba a barin mu mu biyu. Duk zuwan da zan yi sai in ga ya ƙara raguwa. Ƙafafun da suka yi shekaru suna taka keke suka zama kamar kara, fatar cinyarsa tana reto. Da farko yana zuwa banɗaki da kansa, daga baya sai an riƙe shi, daga baya aka kawo masa fo. Na yi wa Yaya magana, na roƙe shi, na ce ko cikin ɗakin ne a bar shi ya riƙa zagayawa, ya ce in na sake kawo maganar tafiya a gidansa ƙafata ba za ta sake taka shi ba. Na je wurin ƙanin Baba da ke Lamorde na yi kuka, ya ce ke mace ce, ki bar maza su yi abin da ya kamata, ai kin ga abin da tafiyar taki ta jawo.

Akwai wata rana da 'yar aikin ta sauka ɗauko ruwa, Baba ya kama hannuna ya jawo ni kusa.

"Uwata, ki mayar da ni gida," ya ce. "Na gaji da kallon silin."

Na ce, "Baba ka faɗa wa Yaya da bakinka mana."

Ya girgiza kai ya ce, "Alhaji yana ƙoƙari. Ba zan iya ba."

Kashegari na zo da taksi da mijina, lokacin Yaya yana kasuwa. Muka ɗaga Baba ya tsaya, muka kai shi bakin matakala, ya kalli ƙasa, ya gwada sauke ƙafa ɗaya ta ƙi ɗaukarsa. Mijina ya ce zai goya shi, sai gardin gidan, wato mai gadi, ya hau ya ce an ba shi umarni, ya riga ya kira Alhaji. Muka mayar da Baba kan gado yana hawaye ba sauti. Daga ranar aka hana ni shiga gidan. Ban sake ganin mahaifina da rai ba. Bayan wasu watanni ciwon ƙirji ya kama shi, aka sauko da shi a kan hannu zuwa asibiti, can ya cika.

Na san rai na Allah ne, kuma likita da kansa ya ce mini wannan ciwo yana iya ɗaukar mutum ko yana tafiya ko ba ya yi, ba zan ce Yaya ya kashe shi ba. Amma ya ƙwace masa shekararsa ta ƙarshe, ya ƙwace masa masallacinsa da kekensa da ni. Kuma bai tsaya nan ba. A zaman makoki, a gaban dangin da suka zo daga gari, ya riƙa ce wa duk mai gaisuwa tun faɗuwar nan da aka ja masa bai sake lafiya ba. Ina zaune cikin mata ina jin maganar tana zagayowa. Wata gwaggonmu ta ƙi karɓar gaisuwata. Har yau a dangi in an ambace ni sai a ce wadda ta yi ta yawo da ubanta har ya faɗi. Na daina zuwa biki da suna saboda kallon da ake yi mini. Wata maƙwabciyata Bazabarma ce kaɗai ke shigowa ta ce mini kala suru, wato sai haƙuri, ita ta ga yadda Baba ya warware a hannuna.

To yanzu ga inda maganar take. A bara Yaya ya fara ciwo, da ma yana da tansiyo, wato hawan jini, kuma ba ya shan magani. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara, aka yi eko, aka ce irin ciwon Baba ne. An yi masa magani ruwan ya fita, likitansa ya ce jikin ya lafa, ya rubuta masa zuwa wurin masu kine, masu gyaran jiki da motsa gaɓɓai, inda za a riƙa sa shi taka wani keke a hankali ana duba bugun zuciyarsa, ya kuma ce ya riƙa tafiya a tsakar gida. Yaya ya ƙi. Ya ce tafiya ce ta kashe ubansa ba za ta kashe shi ba. Ya hau sama ya kwanta, watanni ke nan, kasuwar ma ta waya yake yi.

Ni duk ina jin labari ban je ba. Sai kwanakin baya matarsa, da muke kira Tanti, ta zo har gidana. Matar nan ba ta taɓa yi mini laifi ba, sai dai lokacin da ake yi mini abin da aka yi ba ta buɗe baki ba. Ta zauna a salona, wato falo, tana kuka, ta ce ƙafafunsa sun fara sirancewa, wanka ma sai ya zauna a kujera, ta yi magana ya ƙi, likita ya yi ya ƙi. Ta ce ita ta san gaskiya, ta ga yadda Baba ya shigo gidansu da ƙafarsa ya fita a hannun mutane. Ta ce shi ma a ransa ya sani, tsoro ne ya cika shi, in ya yarda tafiya magani ce to ya yarda shi ya nakasa Baba. Ta ce ni kaɗai ce na ga abin tun daga farko, in na zo na faɗa masa yadda Baba ya samu sauƙi, in ma da hali na riƙe hannunsa na fara fita da shi, tana ganin zai bi.

Na je. Ban je don in taimaka ba, na je ne in gani. Gardin da ya tare ni a da shi ya buɗe mini ƙofa yana sunkuyar da kai. Na hau sama na same shi a kwance, ya rame a ƙafa da kafaɗa, cikin ne kawai ya rage. Muka gaisa sama sama. Ya miƙa hannu ya ɗauki kofi a kan tebur da ƙyar. Tanti ta ce masa ga ƙanwarka ta zo, ka tambaye ta. Yana kallon talabijin, ba tare da ya dube ni ba ya yi magana.

"Suna ta damuna wai in tashi in yi tafiya. Ke me kika gani?"

'Yan'uwa ban taɓa jin muryarsa ta yi laushi haka ba. Mutumin da ya mare ni a gaban mijina, yau yana tambayata me na gani. Na duba ɗakin, na tuna Baba a bakin matakala. Na tashi na gyara masa matashin kai da hannuna.

Na ce, "Ka huta Yaya. Ai kai ka fi kowa sanin abin da ya dace da mai ciwon zuciya."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya juya ya ce wa Tanti, "Kin ji ko? Ita ma ta gane."

Wallahi tun rasuwar Baba ban yi barci mai daɗi irin na ranar ba. Na san bai kamata in faɗi haka ba, amma na ce ba zan ɓoye muku komai ba. Na ji sanyi a raina. Ban zage shi ba, ban yi masa asiri ba, ban sa masa komai a abinci ba, maganarsa kawai na mayar masa. Ina so ya san ɗanɗanon kallon silin. Ina so wata rana ya tsaya a bakin matakalar gidan da ya gina da kansa ya ga ƙafarsa ta ƙi sauka. Ina so a kawo masa fo, masu dubiya su riƙa cewa ai ana kula da shi sosai.

Tanti ta kira ni da na koma gida, ta ce ta gane abin da na yi, Allah ma ya gani. Ta ce yanzu duk wanda ya yi masa maganar motsa jiki sai ya ce har wadda ta fi kowa son tafiya ta ce ya huta, randebu na likita ma ya soke. Ta ce in ban ji tausayinsa ba in ji na 'ya'yansa, ƙaramar ko lekol ba ta shiga ba. Na ce mata akwai hanya ɗaya. Ya tara dangi, har da gwaggon da ta ƙi karɓar gaisuwata da ƙanin Baba na Lamorde, ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya yi mini, ba ni na jawo wa Baba ba, shi ya kulle shi har ƙafafunsa suka mutu. Ranar da ya yi haka, da safe zan zo in riƙe hannunsa kamar yadda na riƙe na Baba. Ta ce kin san yayanki, zai gwammace ya mutu a kan gadon nan da ya faɗi haka. Na ce to ya zaɓa.

Mijina ya ce in ji tsoron Allah, shi ma marin nan har yau yana ransa, amma ciwo ba abin ramuwa ba ne, kuma in wani abu ya samu Yaya ni ce zan kwana da shi a zuciyata har in mutu. Ya ce wancan karon ƙarya aka yi mini, wannan karon in aka faɗa gaskiya ce. Maganar ta tsaya mini, amma duk lokacin da na ɗauki mayafi zan tafi sai in ji muryar Baba yana cewa in mayar da shi gida, sai in ajiye in zauna. Shi Baba wa ya ji tausayinsa? Ni wa ya wanke ni?

Shi ya sa na kawo muku. In koma in warware maganar da na faɗa masa, in taimake shi ba tare da ya nemi gafarata ba, dangi su ci gaba da kallona a matsayin wadda ta kashe ubanta, shi kuma ya miƙe da ƙafarsa ya ci gaba da zama ɗa na gari? Ko in tsaya a kan sharaɗina, in ya wanke ni in riƙe hannunsa, in ya ƙi ya kwanta? Kuma masu ilimin addini a cikinku ku faɗa mini tsakani da Allah, in na yi shiru ƙafafunsa suka mutu, alhali likitansa ya faɗa masa gaskiya matarsa ma ta faɗa masa, ina da alhaki ko ba ni da shi? Don Allah kada ku tsaya a ki yi haƙuri kawai, na sha jin wannan. Ku faɗa mini abin da zan yi, domin in aka bar ni da zuciyata, ranar Juma'a zan sake zuwa dubiya, in kai masa lemo, in ce ya ƙara hutawa.